Hannun Yaya a Jikin Talabijin

Ni dai ban taɓa son waƙar matan nan uku ba, kuma har gobe ba na son ta. Gara in faɗa tun da wuri, kada a ce don Yaya ya tafi ne na koma yabon abin da na daɗe ina kushewa. Mata uku ne cikin dogayen riguna masu ƙyalli, sun jeru kamar masu layin famfo, suna jan wata siririyar murya, babu ganga, babu kuzari, sai wani goge da ke kuka a bayansu. Da sun fara sai in ji hamma ta taso mini. Yaya kuwa gyara zama yake yi, ya ɗaga mini hannu wai in yi shiru.

Yaya ba wana ba ne na jini. Unguwarmu ɗaya a Tudun Wadar Kaduna, ya girme ni nesa ba kusa ba, ya riga ni zuwa Riyad, kuma shi ya tarbe ni ya kai ni ɗakinsa a Al-Oud. Na sauke jakata da niyyar in kwana biyu in nemi nawa wurin, sai ga shi furfura ta same ni a ɗakin. Na ukunmu wani ɗan Gombe ne da ke tuƙa wa wani gida mota a Malaz, ba ya zuwa sai ranar hutunsa. In ka ɗaga labulen tagarmu katangar maƙabarta kake gani, shi ya sa ba mu cika ɗaga shi ba.

Wurin aikinmu ɗaya ni da Yaya, wani ƙaton sito a Birnin Masana'antu na Biyu. Ni ina tuƙa motar ɗaga kaya, wadda a nan muke ce wa shoka saboda ƙarafunan nan biyu na gabanta. Yaya yana ƙasa, yana naɗe kaya da leda a kan katako kafin in zo in sura. Kafin ya dawo sito ya daɗe a wata masana'antar ƙarfe, inda inji ke sara tun safe har yamma. Motar ma'aikata ta kwashe mu da duku-duku, ta dawo da mu bayan magariba kamar an yi mana duka. Haka mako yake tafiya, babu abin ba da labari a ciki.

Juma'a ce kaɗai tamu. In an sauko daga masallaci mu sayo shinkafa da kaza a kasuwar Batha, mu ci a faranti ɗaya, mu wanke hannu, kowa ya jingina da katifarsa. Sai Yaya ya kunna tsohuwar talabijin ɗinmu, mai ƙatuwar ƙeya, wadda ya tsinta a bakin wani gini ya kai aka gyara. Akwai wata tasha da ba mu ma san ƙasarta ba, wadda ke maimaita wani tsohon shirin waƙoƙin Turawa, irin wanda ake jero waƙoƙin mako daga ta ƙasa har a kai ta ɗaya. Shirin nan mun san shi tun muna samari, muna leƙe ta tagar gidan wani ma'aikacin jirgin ƙasa, lokacin hoton baƙi da fari ne. Ranar da muka fara cin karo da shi a nan, Yaya ya kalli mai gabatarwa ya ce, "Ashe rigar mutumin nan koriya ce."

Tashar ba ta da shirin da yawa. In ta kai ƙarshen abin da take da shi sai ta koma farko, mu ma mu koma farkon gardamarmu. Kuma gardama muke yi ta gaske, har da jijiyar wuya, a kan waƙoƙin da masu su wasu sun tsufa, wasu ƙasa ta rufe musu ido.

Akwai wani dogo mai buɗaɗɗen ƙirji da ke waƙa ido a rufe. Ni na ce wannan ba soyayya ke damunsa ba, ciwon ciki ne. Yaya ya ce ni ban san murya ba, kunnena a kasuwar 'yan ƙarfe aka raine shi. Akwai wasu samari huɗu masu gashi kamar tsintsiya da ke tsalle da garayunsu na Turawa, waɗanda mu biyun muka yarda cewa yunwa ce ba ta taɓa kama su ba. Akwai wata gajeruwa da ke zama gaban fiyano, ita kam na ba ta lambarta, don ba ta ihu kuma tana gamawa da wuri. Ɗan Gombe ba ya cikin wannan duka. Shi masu rawar baya yake kallo, ya ce yana tausayin gwiwoyinsu.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Babbar rigimarmu a kan waƙoƙi biyu take. Makonni da yawa a jere matan nan uku suna na biyu, kuma abin da ya tsare musu hanya wata waƙa ce ta wasu baƙaƙen fata masu faffaɗan ƙafar wando, wadda kusan duk ganga ce. Bugu mai nauyi, dum, dum, sai ka ji shi a ƙirjinka. Ni a wurina ita ce waƙa, sauran duk rakiya suka yi. Yaya ya ce wannan ba waƙa ba ce, daka ce, ko matan unguwarmu in suna sussuka sun fi su tsari. Duk lokacin da mai gabatarwa ya kira matan a na biyu sai ya yi tsaki ya ce an yi zalunci, kamar yau aka yanke hukuncin.

"Haba Yaya," nake ce masa, "abin da aka gama tun kafin ka yi aure? Ko sau dubu suka maimaita, na biyu za su zo."

"Ai shi ya sa yake ba ni haushi," in ji shi.

Ban lura da lokacin da abin ya fara ba. Na dai san sautin talabijin yana ta ƙaruwa, har maƙwabcinmu ya fara buga bango. Na san Yaya ya koma kallon bakin mutum in ana masa magana, kuma ya kama wata ɗabi'a ta cewa "haka ne, haka ne" ko da tambaya aka yi masa. Na ɗauka tsufa ne da gajiya, don wa ya huta a cikinmu.

Wata Juma'a matan suna tsakiyar waƙarsu sai wayar ɗan Gombe ta yi ƙara. Uwargidan da yake wa aiki ce. Ya yi wuf ya danna ya kashe sautin gaba ɗaya, ya juya baya yana ta "na'am, madam, hadir, madam," wato an gama da Larabci. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin na'urar sanyi. Na juya zan yi wa Yaya tsiya cewa Allah ya raba mu da kukan gogen nan, sai na ga idonsa na kan hoton, yana gyaɗa kai a hankali. Ya ɗaga mini hannu kamar kullum.

"Saurara," ya ce. "Ji yadda ta tsakiyar ke ɗaukar muryar nan. Ji. Kai wannan ba ka jin ta?"

Babu abin da ke fita daga talabijin ɗin. Na ce, "Ina ji, Yaya." Ɗan Gombe ya gama wayarsa ya mayar da sauti, bai lura da komai ba, Yaya ma bai lura an mayar ba.

Da ɗan Gombe ya fita sayen katin waya, na matsa na zauna gaban Yaya inda zai ga bakina. Na ce, "Tun yaushe?" Ya fara kame-kame, na gaya masa abin da ya faru. Sai ya ce kunnensa na dama ya mutu tun yana masana'antar ƙarfe, na hagu ne ke ta lallaɓawa, shi ma yanzu sai an kusanto an ɗaga murya. Waƙoƙin kuwa, ya ce, ya haddace su tun a tagar ma'aikacin jirgin ƙasan nan, da ya ga baki ya motsa sai su taso masa a ka. Ya jawo wata 'yar na'urar kunne daga ƙarƙashin katifa, wadda ya saya a wani kantin magani a Batha. Ya ce a sito ba ta komai sai fito, kuma ranar da mudir, wato shugaban sitonmu, ya gan ta a kunnensa, ranar aikinsa ya ƙare.

Gaskiya ya faɗa. A sito kunne shi ne rai. Shoka in za ta yi baya ƙara take yi, ɗit, ɗit, ɗit, kowa ya kauce. Wanda ba ya jin wannan ba a barin sa a ƙasa. Kuma mai shekarun Yaya babu wanda zai karɓi iƙamarsa, takardar zaman nan da numfashinmu ke rataye da ita. Sai dai huruj, fita ta ƙarshe.

"Autata ta kusa gama makarantar jinya," ya ce. "Ka rufa mini asiri har ta gama. Kuma in na koma yanzu in yi me? In zauna a ƙofar gida ana mini magana ina murmushi kamar wawa?"

Na ce, "Yaya, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Ya ce, "Na sani. Amma kai ne a kan shokar."

To, mutumin da ya tarbe ka a filin jirgi, ya raba katifarsa biyu ya ba ka rabi, me za ka ce masa? Na ce Allah ya rufa asiri.

Dabarar da muka yi ita ce, kafin in yi baya sai in sauke ƙarafunan shoka in buga su a kan siminti sau biyu, da ƙarfi. Ƙasa takan ɗauki bugun ta kai shi tafin ƙafarsa, sai ya ɗago ya kauce. Ya daina sa takalmi mai kaurin ƙasa saboda haka. Mudir ya yi mini faɗa ya gaji, wai zan fasa masa daɓe, na ce hannuna ne ya saba. In mudir ya ƙwala wa Yaya kira daga nesa, ni nake amsawa in ce bari in turo shi. A motar ma'aikata ina zama ta hagunsa in maimaita masa abin da aka ce, kamar hira muke yi.

Abin ya yi aiki, amma ya cinye ni. Da can in na hau shoka kaina hutawa yake yi, hannu ke aiki. Yanzu ido ɗaya a kan kaya, ɗaya yana neman hular Yaya tsakanin layuka. Wuyana ya ƙage saboda waige. In ya shiga bayi ban gani ba sai in tsaya cak da kaya a sama har ya fito. Na zama mai saurin fushi, ina yi wa mutane tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar Juma'a kuma in zauna in yi gardamar waƙa da mutumin da na san ba ya jin ta. Ban fasa ba, don na ga ita ce ta rage masa. Amma daɗin ya fita, sai ka ce miyar da aka manta gishiri.

Lokacin hutuna na zuwa gida ya zo, na ɗaga. Wanda za a ba shokata ɗan garin mudir ne, abin da ya ji da safe mudir ya ji shi kafin azahar, ga shi da gudu kamar an biyo shi. Hutun ya sake zagayowa, na sake ɗagawa. Autar Yaya kuwa yajin aiki ya riƙe makarantarsu, gamawar sai ƙara nisa take yi. Mahaifiyata takan tanadar mini daddawa da kuka duk lokacin da aka ce ina tafe. A karo na biyu ta sa aka kira ni, ta ce, "In ba za ka zo ba ka faɗa mini, in daina wahalar da kaina. Ta bara ma na rabar." Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sai wata rana wata babbar mota tana shigowa bakin sito, ƙasa duk tana rawa da nauyinta. Na buga ƙarafuna sau biyu kamar kullum, na fara baya. Bugun nawa ya ɓace cikin rawar ƙasar. Allah ne ya sa na waiga ta dama, na ga bayan rigarsa, na taka birki har kayan suka yi tangal-tangal. Tsakanin tayata da dugadugansa bai kai tafin hannu ba. Shi kuwa yana sunkuye yana jan ledarsa, bai ma san an yi ba. Na sauko, na shiga bayi na zauna a kan murfi.

Da muka dawo ɗaki na zauna gabansa. Ban yi niyyar ɗaga murya ba, amma da Yaya dole ka ɗaga, kuma da na ɗaga sai komai ya biyo. Na gaya masa abin da ya faru. Na ce, "Yaya, na gaji. Wallahi na gaji. Ina so in je in ga tsohuwata. Ba na so in zama wanda zai kira gidanka ya ce ni na taka ka. Ba na so a kai ka bayan katangar can." Na nuna labule.

Bai ce "haka ne" ba. Ya dube ni ya ce, "Tafin hannu?" Na nuna masa. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya yi alwala.

Washegari ina kan shoka na hango shi ya nufi ofishin mudir, ya ciro 'yar na'urar nan daga aljihu ya sa a kunne kafin ya ƙwanƙwasa. Ban san abin da suka ce ba. Mudir dai bai wulaƙanta shi ba, har ya rako shi bakin ƙofa hannunsa a kafaɗarsa. Amma doka doka ce, aka fara shirya masa huruj. Na ji sauƙi a ranar, ba zan ɓoye ba, kuma sauƙin ya fi komai ci mini rai.

Juma'arsa ta ƙarshe muka ci shinkafarmu, jakunkunansa a ɗaure a bakin ƙofa. Tashar ta zagayo kan makonnin rigimarmu. Yaya ya ce wa ɗan Gombe ya ƙure sautin, maƙwabci ya yi haƙuri yau ɗaya. Tunda babu sauran ɓoye-ɓoye, ya ja jiki ya zauna dab da talabijin, ya ɗora tafin hannunsa a gefenta, daidai inda sauti ke fita. Ya ce yau ba ya son ta ka, yana so ya ji abin da ke fitowa da gaske. Sai ya rufe ido.

Dogon nan mai ciwon ciki ya zo ya wuce, samarin tsintsiya suka yi tsallensu. Mai gabatarwa ya kira na biyu. Matan suka jeru, suka ja muryarsu, gogen ya yi kukansa. Ɗakin kamar zai tsage don ƙara. Ina kallon Yaya, ido a rufe, hannu a manne, yana jira. Sun kai baiti na ƙarshe sai ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Ba su fara ba ne?"

Ni da ɗan Gombe muka dubi juna. Ko na yi magana ba zai gani ba.

Sai ta ɗaya ta shigo. Dum, dum. Na ga yatsunsa sun motsa. Ya ƙara danna hannun, ya kawo ɗayan ma ya ɗora. Kansa ya fara bin bugun, daidai, ba kuskure. Bai ɗaga ba har aka gama. Sannan ya buɗe ido, ya ga rubutun ƙarshen shiri yana hawa, ya gane matan sun riga sun wuce.

Ya juyo ya dube ni. "Duk zagin da na yi mata," ya ce, "ita kaɗai ce ta zo inda nake." Ya goge hannunsa a gwiwa. "Irin bugunka ne, ƙanena. Sau biyu, sannan a kauce."

Na tashi na shiga wanke farantin da ɗan Gombe ya riga ya wanke.

Na je gida bayan tafiyarsa, na ga tsohuwata, na dawo da daddawa. Na leƙa Yaya a Tudun Wada, na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ana masa magana yana murmushi. Autar tasa har yanzu ba ta gama ba. Talabijin tana nan a ɗaki, shirin ma yana nan, matan suna na biyu. Nakan kunna wata Juma'ar, amma in sun fara ba ni da wanda zan ce wa barci nake ji, sai in zauna in saurare su har ƙarshe.

A sito an kawo wani sabo yana naɗe kaya, matashi mai kunne garau. Ran nan ya tare ni ya ce me ya sa nake buga ƙarafuna a ƙasa kafin in yi baya, alhali ga ƙarar mota kowa yana ji. Na ce masa hannuna ne ya saba.